Kafin ka ɗora turbo, auna bakin zoben fistan

'Yan uwa masu haɗa inji a nan Yamai, ku kula da wannan. Zoben fistan na miƙewa in ya ɗau zafi. In tazarar bakinsa, wato wurin da aka yanke zoben, ta yi kaɗan, bakunan su haɗe, ya ɓalle kan fistan. Ga turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, duk suna ƙara zafin.

Saka zoben shi kaɗai cikin silinda, ka tura shi da kan fistan ya zauna daidai, sannan ka auna tazarar bakinsa. A silinda mai faɗin milimita 86, irin ta injin 2JZ na Toyota, ni dai na fi son tazarar milimita 0.45 zuwa 0.50 a zoben sama. In tazarar ta yi kaɗan, goga bakin zoben kaɗan-kaɗan, gefe ɗaya, daga waje zuwa ciki. Ka sa wa kowane zobe lamba, ya koma silindar da aka auna shi.