Babi na 6: Haske a Ɗaukar Hoto

Darasi na 1: Daga ina haske yake zuwa?

Ku ɗauko wayarku, amma kada ku buɗe kyamara tukuna. Ku tsaya ku duba inda haske yake fitowa. A ɗaki, taga ce ko ƙofa. A waje, rana ce. Da dare kuwa fitila. Ku nuna wurin da yatsa. Madalla.

Ga abin da nake so ya zauna muku daram: mai ɗauka ya juya wa haske baya, wanda ake ɗauka ya fuskanci haske.

Mu gwada. Ku tsayar da mutum tagar tana bayansa, ku ɗauka. Kun ga fuskar? Ta yi duhu, da kyar ake gane ko wane ne. Kyamara ce ta ga hasken taga ya yi yawa, sai ta rage shi, ta haɗa har da na fuskar. Yanzu ku canja wuri. Ku koma jikin tagar, bayanku yana kallonta, shi kuma ya dube ku. Ku sake ɗauka. Ga ido, ga hanci, ga murmushi, duk sun fito.

In kun rikice ba komai, kowa da haka ya fara. Mu maimaita da baki: haske a bayana, haske a fuskarsa. A sake. Haske a bayana, haske a fuskarsa. Ku kula dai kada inuwarku ta faɗa kansa. In ta faɗa, ku ɗan matsa gefe.

Sai dai zan faɗa muku gaskiya, iyayena da yayyena. Sau nawa muka yi wannan a aji, amma da yawanku kuna kawo mini hotuna baƙi ƙirin kuna cewa wayar ce ba ta da kyau? Wayar lafiyarta ƙalau. Gaggawa kuke yi, kuna danna maɓalli ba ku nemi haske ba. A daina. Kafin yatsa ya taɓa waya, a tambayi kai: haske yana bayana?

Wanda hannunsa ya faɗa, ya sa mutumin ya ɗan karkata, hasken taga ya zo masa ta gefe. Ɓangare ɗaya na fuska zai yi haske, ɗayan ya ɗan yi inuwa. Ni wannan hoton ya fi burge ni, don yana fito da kamannin mutum sosai.

Darasi na 2: Lokaci

Rana tsaka ba ta yi wa hoto kyau. Tana sa inuwa a ƙarƙashin ido, mutum kuma ya yi ta runtsawa. Ku shiga inuwa, ko ku jira. Awa 1 bayan fitowar rana da awa 1 kafin faɗuwarta sun fi, hasken yana da laushi. Ranar da gajimare ya rufe rana ma haka. Nan ma, rana a bayanku.

Darasi na 3: Farin ƙyalle

In gefen fuska ya yi duhu da yawa, wani ya riƙe farin ƙyalle ko farar takarda a wannan gefen. Zai maido da haske kan fuskar.

Darasi na 4: Da dare

Filashar waya ba ta wuce taku 3 zuwa 4. Ku matso kusa, ko ku kashe ta ku tsayar da mutumin yana fuskantar fitila.

Aikin gida: hoto 2 a bakin taga, ɗaya tana bayanku, ɗaya tana bayan wanda kuke ɗauka.