Babi na Bakwai: Zarto Mai Bin Layi, Yadda Ake Zaɓensa da Yadda Ake Saita Shi

Wannan babi na kafintoci ne da yaran shago da ke ajinmu. Kada ku tsallake layi ko ɗaya don kuna ganin kun riga kun sani. Ku karanta a hankali, ku ɗora yatsa a ƙarƙashin kowace lamba. Wanda ya kai wurin da bai gane ba, ya tsaya ya tambayi na kusa da shi. Babu kunya a cikin tambaya, duk koyo ne ya tara mu.

Darasi na 1: Wane irin zarto ne wannan?

Kun san injin zarto na hannu mai faifai zagayayye, wanda faifansa ke leƙe a ƙasa kullum. Wannan ɗan'uwansa ne, amma sun bambanta a wuri biyu. Na farko, faifansa a ɓoye yake cikin gidansa. Sai ka danna maƙulli da babban yatsa, ka tura hannun zarton ƙasa, sannan faifan ya nutsa cikin katako. Da ka saki, sai ya koma ciki da kansa. Shi ya sa za ka iya fara yanka a tsakiyar allo, kamar in za ka huda gurbin kwanon wanke-wanke a teburin kicin. Na biyu, ba a sake yake tafiya ba. Yana da dogon layi na alminiyom da ake shimfiɗawa a kan katako, zarton ya hau kai ya bi shi tiryan-tiryan, ba dama ba hagu. A ƙarƙashin layin akwai roba mai hana zamewa, a bakinsa kuma akwai wata siririyar roba da ke danne fuskar katako don kada ta ɓantare.

Wani kamfanin Jamus mai suna Festo, wanda aka kafa a 1925, shi ya fito da layin a 1962. Sashensa na kayan kafinta shi ne Festool a yau. Amfanin abin ga mai yanka filawud da MDF, wato allon garin katako da aka matse da gam, a fili yake: ba sai ka kinkimi allo mai nauyi zuwa kan inji ba, injin ne zai zo inda allon yake.

Darasi na 2: Karanta ɗan allon da ke jikin zarto

Kowane zarto yana da ƙaramar takarda manne a jikinsa. Kafin ka tambayi kuɗi, nemi wannan takarda. Haruffa uku za ka duba.

Nemi harafin V. Lambar da ke kusa da shi ita ce irin wutar da zarton yake sha. Wutarmu a Najeriya da Nijar da Gana 220 ce zuwa 240. Idan ka ga 230 V, naka ne. Idan ka ga 120 V, na Amurka ne. Idan ka ga 110 V da filogi mai ruwan ɗorawa, na wuraren gini ne a Ingila. Waɗannan biyun, in ka soka su kai tsaye a soket ɗinmu, za su ƙone. Masu sayen kayan tokumbo, da ku nake.

Nemi harafin W. Shi ne ƙarfin injin. Festool TS 55 yana da 1200 W. Makita SP6000, ɗan Japan, 1300 W. DeWalt DWS520, na kamfanin Amurka, shi ma 1300 W. Bosch GKT 55 GCE da Mafell MT 55, dukansu na kamfanonin Jamus, 1400 W. Kada wannan ɗan bambanci ya ruɗe ka, dukansu suna cin filawud ba gardama. Abin da lambar ke gaya maka shi ne ƙaramin janareta da bai kai 1000 W ba ba zai ɗauki ko ɗayansu ba. Nemi wanda ya ninka ƙarfin zarton, domin lokacin tashi inji ya fi jan wuta.

Nemi mm. Ana karanta shi milimita. Ɗauko tef ɗinka yanzu. Dubi tsakanin 1 da 2 a gefen santimita. Ƙirga ƙananan gidajen da ke wurin. Goma ne. Kowane gida ɗaya milimita ɗaya ne. Riƙe wannan da kyau, don darasi na gaba a kansa ya tsaya.

Iyakar zurfin da waɗannan zartuna ke nutsawa kusan ɗaya ne: Festool 55, Makita 56, Bosch da Mafell 57. Mai shago zai iya cika maka baki a kan milimita biyu. Kada ka biya ko kwabo saboda su.

Darasi na 3: Saita zurfi

A nan ne mafi yawan ɗalibai suke tuntuɓe, saboda haka za mu daɗe a nan. Wanda ya gane tun farko ya yi haƙuri da 'yan'uwansa.

Cire filogi daga wuta. Yanzu dubi gefen zarton, za ka ga ma'auni mai lambobi daga 0 zuwa 55 ko kusa da haka, da wani ɗan abu da ake zamewa sama da ƙasa. Inda ka tsayar da shi, nan faifai zai tsaya in ka danna.

To, a wace lamba za ka tsayar? Ka tuna zarton ba a kan katako yake zaune ba. A kan layi yake zaune, layin kuma yana da nasa kauri, kimanin milimita 5. Sai faifai ya wuce wannan 5 ɗin kafin ya taɓa katako. Kuma ana so haƙoransa su ɗan leƙo ƙasan katakon da milimita 2, don yanka ya rabu tsaf. Abu uku ke nan za ka haɗa: kaurin katako, da 5 na layi, da 2 na leƙowa.

Mu gwada. Filawud mai kauri 18. Rubuta 18. A ƙasansa rubuta 5. A ƙasansa rubuta 2. Haɗa. 18 da 5, 23. 23 da 2, 25. Tsayar da ma'auni a kan 25.

Ba 18 ba. Idan ka sa 18, faifai zai ci 13 ne kawai a cikin katakon, saura 5 a manne. Ka gama tura zarto har ƙarshe, ka ɗaga layi, ka ja allo, ya ƙi rabuwa. Daga nan sai zuciya ta ɗebe ka ka karya shi da gwiwa, fatar ƙasan filawud ta yage tsawon taƙi guda, ga allon mutane ya lalace, kai ne da biya.

Mu sake. Allo mai kauri 12. Rubuta 12, rubuta 5, rubuta 2. Nawa ke nan? 19. Madalla. Allo mai kauri 9: 9 da 5, 14, da 2, 16. Katako mai kauri 25: 25 da 5, 30, da 2, 32. Kun gani, ba wani abin tsoro ba ne. Wanda ke lissafin kuɗin ƙusa da gam da ladan yara a ka, wannan ba zai gagare shi ba.

Kada ka yarda da abin da mai sayar da allo ya faɗa. Ya ce 18 ne, kai dai sa tef a bakin allon ka ƙirga gidajen da idonka. Sau da yawa za ka tarar 17 ne ko 16. Auna, sannan ka ƙara 5, sannan ka ƙara 2.

Akwai masu wayo da ke cewa, to Malam, me zai hana in sake shi har ƙarshe in huta da lissafi? Kada ka soma. Idan faifai ya fito da yawa a ƙasa, zai ci teburin aikinka, zai iya cin karo da ƙusa ko ƙarfe, kuma ya fi saurin cijewa. In ya cije, zarto yakan yi harbi baya kamar jaki, ya hau kan layi ya tsaga shi, hannunka kuma yana nan kusa. Sa tarkacen allo ko soso mai tauri a ƙarƙashin abin da kake yankawa, wannan milimita 2 ta faɗa cikinsa.

Wasu zartuna sun yi maka lissafin layin. A Festool TS 55 alama biyu ce a ma'aunin. Wadda aka rubuta FS a jikinta ta riga ta cire kaurin layi. Idan da ita kake karatu, 2 kawai za ka ƙara: 18 da 2, 20. Idan zartonka alama ɗaya gare shi, kada ka yi zato. Ɗora shi a kan layi a bakin tebur, filogi a cire, danna shi ƙasa, duba da idonka ko haƙora sun leƙo ƙasan allon. Wannan dubawa da ido ta fi kowane ma'auni.

Haka kuma, 55 ɗin da aka rubuta a kwalin Festool TS 55 ba a kan layi aka auna ba. A kan layi, cire 5, saura 50. Ƙofa mai kauri 45 za ta yanku. Katako mai kauri 60 ba zai yanku ba sai da babba irin Festool TS 75. In kuma ka kwantar da zarto zuwa digiri 45, zurfin ya ragu zuwa wajen 40.

Rufe littafin ka faɗa da baki: kaurin katako, da 5, da 2. Sake faɗa.

Darasi na 4: Layin ne zai ɗaure ka

Kafin mu ci gaba. A aikin da aka ba ku na gida, har yanzu akwai masu rubuta 18 a gurbin 25. Haba jama'a! Ga gemu, ga 'ya'ya, wasu har da jikoki, amma ƙara 5 ya zama aiki? Ba rashin kai ba ne, na sani, gaggawa ce da rashin saurare. In kuna hira a bayan aji ana bayani, ranar da allon Alhaji ya lalace a hannunku ba ni za a kira ba. Ku koma darasi na 3.

Yanzu layi. Filawud guda faɗinsa milimita 1220 ne, tsawonsa 2440. Layi mai tsawon 1400 ya isa yankan faɗi. Yankan tsawo kuwa sai mai 2700 ko 3000, ko ka haɗa 1400 guda biyu da ƙarfen haɗi. In ka haɗa, ka tabbata sun miƙe kafin ka ɗaure.

Ba kowane zarto ke hawa kowane layi ba. Na Makita da na Festool siffarsu kusan ɗaya ce, zarton wannan yana hawa layin wancan. Bosch da Mafell kuma layinsu iri ɗaya ne a tsakaninsu. DeWalt nasa daban ne, yana da bakin yanka a gefe biyu. Saboda haka ka fara tambaya wane layi ake samu a kasuwar da kake sayayya, kafin ka ɗauki zarto.

Festool TS 55 da DeWalt suna da wani siririn ƙarfe da ke bin bayan faifai yana hana tsagar rufewa, abin so ne ga mai yanka ɗanyen katako. Makita ba shi da shi, amma yana da ɗan maɓalli da ke sa faifai ya fara zana fuskar allo da milimita 2 zuwa 3 kafin yanka na sosai, da wani ɗan harshe da ke kama layinsa don kada ya kife in an kwantar da shi. Mafell da Festool sun fi tsada nesa ba kusa ba. A ganina, mai ƙaramin shago da aikinsa kabad ne da kantar kicin, Makita ya ishe shi, sauran kuɗin ya sayi layi na biyu.

Sabon layi, sai ka fara yanke robar bakinsa da zartonka, daga farko har ƙarshe. Daga ranar, bakin robar shi ne daidai inda faifai zai bi. Ɗora shi a kan zanen fensir, ka matse layin. Kunna inji, bari ya gama ɗaukar gudu, sannan ka danna. Ka saita zurfi? Duba.

Darasi na 5: Faifai

Faifan Festool TS 55 faɗinsa 160, na Makita da DeWalt da Bosch 165. Ramin tsakiya 20. Rubuta lambobin naka a takarda ka tafi da ita kasuwa. Mai haƙora 48 na filawud da MDF ne. Mai haƙora kaɗan na tsaga katako irin maɗaci da iroko ne. Faifai yana cinye kimanin milimita 2, saboda haka ɓangaren da kake so ya kasance a ƙarƙashin layi. Cire filogi kafin ka canza.

Darasi na 6: Ƙura da batir

Ƙurar MDF tana cutar da ƙirji. Rufe hanci da baki, sa tabarau. In kana da injin zuƙar ƙura, haɗa shi a bututun baya. Akwai masu batir, kamar Makita DSP600 mai cin batir biyu na 18 V. Sai da wutar caji.

Aikin gida

Rubuta zurfin da za ka saita wa allo mai kauri 6, da 15, da 22, da 40. A kawo ranar Asabar.