Yadda za ka sa buton ɗin kunna saba ya yi aiki ko da BMC bai tashi ba

'Yan uwa masu riƙe da saba (server, babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) a nan Damagaram, kun san yadda take: kuran ya ɗauke, gurup ya tashi, ka je ka danna buton ɗin gaban inji shiru kake ji, sai bayan minti ɗaya ko biyu ya amsa. Buton ɗin lahiya lau yake. Wayarsa ce ba ta zuwa wurin cipset kai tsaye, sai ta biya ta BMC, wato ƙaramin cip ɗin da ke kula da sabar, shi kuma yana da Linux nasa da sai ya gama tashi. Maganin abin shi ne a buɗe hanyar wucewa kai tsaye a cikin cip ɗin, sigina ta shiga ta wani fin, wato ƙafar cip, ta fita ta na kusa da shi ba ruwanta da firmwaya. Zan yi bayani a kan cip ɗin BMC na ASPEED AST2500 mai firmwayar OpenBMC don shi ya fi yawa a injinan da ake kawo mana na hannu.

Da farko nemo zanen bod ɗinka, kar ka yi aiki da ka. A AST2500 finafinan rukunin E bibbiyu suke: GPIOE0 shiga, GPIOE1 fita, haka E2 da E3. A bododi da yawa ɗaya biyun na buton ɗin kunnawa ne ɗayan na riset, amma wanne ne wanne sai zane ya gaya maka. In AST2600 gare ka rukunin P ne, a dts (fayil ɗin da ke bayyana wa kanel na Linux kayan da ke kan bod) sunan wucewar thru0, adireshin rajista kuma daban, kar ka kwafi lambobin da ke ƙasa.

Na biyu shiga BMC ta ssh ka buga gpioinfo, ka duba ko akwai POWER_BUTTON da POWER_OUT. In babu, a gpio-line-names na fayil ɗin dts ake sa su, kuma dole su yi daidai harafi da harafi da abin da ke power-config-host0.json na x86-power-control, sabis ɗin da ke kunna inji da kashe shi.

Sai rajista, wato ɗan wurin da cip ke riƙe saitinsa, da umarnin devmem ake karanta ta ake rubuta ta. devmem 0x1e6e2070 zai nuna maka saitin da cip ya tashi da shi, bit na 22 shi ke buɗe wucewar rukunin E gaba ɗaya. Akwai kuma 0x1e6e208c, nan bit na 12 na E0 da E1 ne, na 13 na E2 da E3. Don gwaji kawai karanta abin da ke ciki ka ƙara 0x1000 in bit na 12 a kashe yake ka mayar, kar ka rubuta 0x1000 tsura ka share sauran, wannan rajistar akwai wasu finafinai a kanta. In rubutun ya ƙi zama to SCU, sashen cip ɗin da rajistocin nan ke ciki, a kulle yake, mabuɗinsa 0x1688a8a8 a 0x1e6e2000.

To amma abin da ka sa da devmem da an yi ribut ya tahi. Ni a ganina wurinsa na gaskiya u-boot ne, manhajar da ke tashi kafin kanel, ko ma rezista a kan bod in masu ƙera shi sun sa, saboda in ka bar shi a dts na kanel kaɗai da pinctrl_gpie0_default, duk daƙiƙun da ke kafin kanel ya tashi buton a mace yake, kuma ai su ne muke kuka da su tun farko.

Yanzu ga inda mutane ke faɗawa. Ranar da ka kunna inji daga nesa, misali da ipmitool chassis power on, BMC zai karɓi fin ɗin POWER_OUT ya ja shi ƙasa na milisakan 200 kamar yatsa ya danna, to lokacin da ya karɓa direban pinctrl, mai raba wa finafinai aiki, yana rufe hanyar wucewa don fin ɗaya ba ya aiki biyu, kuma ba kowane kanel ke sake buɗe ta ba in an saki fin ɗin. Sai ka ga jiya buton yana aiki, yau bayan an kunna ta rezo ya mutu, a yi ta zargin ƙurar hunturu ana hura buton da iska. Don haka bayan ipmitool sake karanta rajistocin nan biyu. In bit ya koma 0, kanel ɗinka na buƙatar facin da ke mayar da wucewar in an saki fin, irin wanda Intel suka sa a reshensu na OpenBMC, ko ka gyara sabis ɗin ya mayar da bit ɗin da kansa.

Gwaji na ƙarshe, kuma don Allah ba a injin da ma'aikata ke aiki a kansa ba: kashe sabar, buga reboot a BMC, tun yana cikin tashi ka danna buton. In fanka ya juya nan take, aiki ya yi. Sannan inji na kunne ka riƙe buton daƙiƙa 4 ya mutu, ka kunna da ipmitool, ka sake gwada buton da hannu, ka leƙa journalctl ka ga ko x86-power-control ya rubuta dannawar. In inji yana kunna kansa ko ya mutu da BMC ya yi ribut, duba Polarity a fayil ɗin json, buton ɗin ActiveLow ne.