Yadda Ake Saita Akwati da Mabuɗi a Unity

Duk hoton da ka ja ka ajiye a fagen wasa a Unity, manhajar da ake haɗa wasannin kwamfuta da ita, hoto ne kawai: ba ya faɗuwa, ba ya tare hanya, ɗan wasa zai ratsa shi ya wuce abinsa. Halinsa kai za ka ba shi a allon Inspector, wanda ke gefen dama in ba ka sauya tsarin tagogin ba. Ni da abu biyu nake son nuna wannan aiki a wasan 2D, akwatin da ɗan wasa zai tura da mabuɗin da zai ɗauka.

Danna akwatin. Can sama za ka ga Transform, wato matsayi, juyi da girma. Shawarata ka bar Scale a kan 1 kada ka taɓa shi. In akwatin ya fito ƙato ko ɗan mitsitsi, koma kan hoton kansa ka gyara Pixels Per Unit, wato yawan fiksel da ke cika ma'auni ɗaya a fagen wasa, sannan ka danna Apply. Unity na sa 100 tun farko, don haka hoto mai faɗin fiksel 32 ba zai kai sulusin ma'auni ɗaya ba. Mai da lambar 32, akwatin ya zama ma'auni ɗaya cif. Dalilin da ya sa na dage a kan wannan shi ne injin Unity na lissafi kamar ma'auni ɗaya mita ɗaya ce, ƙarfin jan ƙasa kuma 9.81. Idan kayanka sun wuce girman da ya kamata, sai ka ga suna saukowa a hankali kamar gashin tsuntsu, ka rasa inda matsalar take.

Yanzu danna Add Component ka ƙara Box Collider 2D. Koren layin da ya zagaye akwatin shi ne jikin da ake karo da shi, ba hoton ba. In bai zauna daidai gefen hoton ba, danna Edit Collider ka ja shi. Sai ka ƙara Rigidbody 2D, wanda ke kula da faɗuwa da motsin abu, ka duba Body Type. Dynamic na akwatinmu ne, tunda zai faɗi kuma za a ture shi. Kinematic na abin da kai kake motsawa da umarni (script ɗin da ka rubuta), irin dandamali mai kai da komowa. Static na abin da ba zai gusa ba.

A nan masu koyo suka fi ɓata lokaci. Mutum yana son akwati ya faɗo da sauri, sai ya yi ta ƙara Mass, wato nauyi, daga 1 zuwa 50, zuwa 500, shiru. Mass ba ya sauya saurin faɗuwa, Gravity Scale ke da wannan aikin. Amfanin Mass sai an yi karo: bar ɗan wasa a 1, kai akwatin 5, ka ga yadda turawar ta yi nauyi. In ba ka son akwatin ya riƙa wuntsilawa, buɗe Constraints ka sa alama a Freeze Rotation Z. In kuma yana faɗowa daga sama sosai ya huda ƙasa ya ɓace, to injin sau 50 a daƙiƙa yake lissafin motsi, abu mai gudu kan tsallake siririn bene tsakanin lissafi biyu. Mai da Collision Detection zuwa Continuous.

Mabuɗi bai da wahala. Sa masa Circle Collider 2D, ka kunna Is Trigger domin ɗan wasa ya ratsa shi amma wasan ya san an taɓa. Ba ya buƙatar Rigidbody 2D muddin ɗan wasan na da nasa. Ba mabuɗin Tag, wato laƙabin da umarninka zai gane shi da shi, ka rubuta sunan daidai da yadda yake a cikin umarninka, har babban baƙi da ƙarami. In ya ɓuya bayan hoton bango, ɗaga Order in Layer.

Ana iya sauya lambobi wasan na gudana, kuma a ganina babu hanyar da ta fi wannan wajen gano lambar da ta dace. Sai dai da zarar ka tsayar, komai zai koma yadda yake. Kafin ka tsayar, danna ɗigo ukun da ke kan Rigidbody 2D ka zaɓi Copy Component, bayan ka tsayar ka yi Paste Component Values. Haka nan in ka rubuta gudu 5 a cikin umarni, daga baya ka mai da shi 10 ka ga babu canji, leƙa Inspector: lambar da aka riga aka adana can ita ake bi.

Akwatin ya yi yadda kake so? Ja shi zuwa tagar Project ya zama Prefab, wato samfurin da ake kwafa, ka riƙa ɗebo sauran daga nan. Duk lambar da ka sauya a kan kwafi ɗaya za ta yi kauri, da shuɗin layi a gefenta, alamar nasa ne shi kaɗai. In kana son sauran akwatunan su ɗauka, buɗe Overrides ka danna Apply All.