In za ka je Gashaka-Gumti, ga yadda za ka shirya

Mutane da yawa in an ce gandun daji Yankari kawai ke zuwa musu a rai, a shiga mota a zaga daji a yi wanka a Wikki a dawo gida. To Gashaka-Gumti daban yake, wuri ne na duwatsu da koguna da kurmi, kuma ƙafarka ce za ta yi yawancin aikin. Shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, kudancinsa a Taraba, arewacinsa wato Gumti a Adamawa wajen Toungo, a 1991 aka haɗe Gashaka da Gumti suka zama gandu ɗaya. A ciki Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, mita 2,419, dab da iyakar Kamaru, wasu kuma Gangirwal suke ce masa.

Kafin komai ka duba wata. Daga Disamba zuwa Maris shi ne lokacin zuwa. Daminar can ba irin ta Kano ko Katsina ba ce, da wuri take faɗuwa wajen Afrilu kuma tana jan ƙafa har Oktoba ko ma ta ɗan wuce, koguna su cika su tumbatsa, hanyar cikin dajin ta koma taɓo, rafin da za ka tsallake da ƙafa a Janairu a Agusta ko mota mai ƙarfi ba ta isa ta tunkare shi ba. Don Allah kar hutun makarantar yara ya ja ka ka tafi da damina, kuɗin motarka kawai za ka yi asara.

Hanya kuwa daga Jalingo ake bi ta Garba Chede a wuce Bali a sauka Serti, nan hedikwatar gandun take. Ka yi sammako, tafiyar da tsawo kuma ba hanyar da ake so dare ya riski mutum a kai ba ce. Tun kana gida ka nemi ofishin gandun ka gaya musu ranar zuwanka da yawanku da abin da kuke son gani, ka tambaye su kuɗin shiga da na masauki da halin tsaro a wannan satin, domin su ne ke kwana a dajin, labarinsu ya fi na Facebook inganci. Ba a shiga sai da ma'aikacin gandun, kuma wallahi ko an bar ka ma kar ka yarda ka tafi kai kaɗai. Shi ya san mashigin kogin da babu kada, shi zai ga sawun ɓauna kai ba ka ga komai ba, in ya ce a tsaya a tsaya, in ya ce a yi shiru kowa ya kama bakinsa. In kun gama lafiya ka yi masa alheri.

Batun takalmi nake so ka ɗauka da gaske. Kar ka sayi sabon kambas ana gobe tafiya, zai cinye maka dunduniya tun ranar farko. Wanda ƙafarka ta saba da shi mai ƙasa mai kauri, da safa masu yawa, da silifas na tsallake ruwa. Kuma ka fara tattaki tun kana gida, wata guda kafin tafiya ka riƙa yin awa ɗaya ko biyu da jaka a baya, in akwai dutse ko bene mai hawa da yawa kusa da kai ka riƙa hawa kana sauka. Hawan Chappal Waddi ba aikin yini guda ba ne, kwana ake yi a hanya, masu hawa da yawa ta ɓangaren Mambila suke bi ta Nguroje. Wanda gwiwarsa ba ta da ƙwari ko yake tare da yara ya tsaya ƙasa wajen ƙauyen Gashaka, can ma akwai abin kallo, ga kangon ganuwar da Jamusawa suka bari tun zamanin mulkin mallakarsu, ga kogin Mayo Kam inda ake ganin dorina, ga birrai kala-kala a kan bishiyoyi.

Ƙasa zafi, sama sanyi, haka wurin yake. Da dare a kan tudu sanyin sai ka ji shi har ƙashi, alwalar asuba kam sai mai ƙarfin hali, don haka ka ɗauki rigar sanyi mai kauri da hula da bargo. Da rana kuma riga mai dogon hannu mai launin ƙasa, ka guji baƙi da shuɗi saboda ƙudan tsando na bin su. Gidan sauro da maganin zazzaɓi da filasta da tocila da fawa banki duk su shiga jaka. Ruwan kogi komai haskensa ka tafasa kafin ka sha. Guzuri kuma wanda ba ya lalacewa, gari da ƙuli-ƙuli da dabino da kilishi da kayan shayi. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana, sabis yana ɗaukewa da zarar ka nutsa ciki, tiransifa ba za ta fisshe ka ba, kuma ka faɗa wa mutanen gida za su ji ka shiru na kwanaki kar hankalinsu ya tashi.

Kowa yana son ganin biri mai kama da mutum, wato cimfanzi, kuma akwai su a kurmin Kwano inda masu bincike suka daɗe suna aiki, amma fa ba su da alƙawari da kowa, kana iya jin ihunsu da safe ka bi sawu har azahar ba ka gan su ba. Tsuntsaye kam sun haura iri 500, in kana da madubin hangen nesa ka taho da shi.

A kan tuddai za ka tarar da rugagen Fulani da shanunsu. Ka yi sallama ka gaida manya da kyau, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton kowa musamman mata. Ledar da ka shigo da ita ka fita da abarka, kar ka bar wuta tana ci a inda kuka kwana domin ciyawar rani ba ta da haƙuri, kuma in wani ya tallata maka naman daji a hanya ka ce masa a'a.