Kurakuran da ke kashe laburaren firamare a unguwannin Hausawan Legas

A Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago, makarantun firamare masu zaman kansu da Islamiyyun da suka haɗa boko da addini sun fara ware ɗaki ko lungu su ce nan ne laburare. Akwai dalili. Rahoton da Bankin Duniya da wasu hukumomi suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, yara 89 cikin 100 masu shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su gane abin da yake cewa. Iyaye kam ba sai an karanta musu rahoto ba. Suna ganin ɗansu na aji biyar yana rero abin da malam ya rubuta a allo da ka, amma a miƙa masa takardar magani sai ya yi tsuru-tsuru. To sai dai da yawa daga cikin waɗannan laburare ba sa kai shekara da rai, kuma abin da ke kashe su ya fi alaƙa da yadda ake tafiyar da su fiye da rashin kuɗi.

Wanda ya fi kowanne ɓarna shi ne kwaɗo. An sayo littattafai, an yi walima, Sarkin Hausawan unguwa ya yanke ƙyalle, an ɗauki hoto, sai a garƙame ɗakin, makulli ya shige aljihun hedimasta. Ba za a sake buɗewa ba sai ranar da jami'an ilimi suka zo duba makaranta, ko wani uba ya zo neman wa ɗansa gurbi ana son a burge shi. Ka tambaya, amsar ba ta wuce: "Ai yaran nan in aka sakar musu, wata guda ya yi yawa sun yayyaga su." Gaskiya ne, za su yaga wasu, wasu su ɓata, wani ya dawo da tabon manja a shafi na uku. Amma littafin yara kayan ƙarewa ne kamar alli, kuma wanda ya shekara biyu fes a kanta, kuɗinsa ne aka yi asara.

Gyaran shi ne a ba da aro, yaro ya tafi da littafi gida. Ba ya buƙatar wani dogon tsari. A sami littafin rubutu mai kauri, kowane yaro da shafinsa: ranar ɗauka, sunan littafi, ranar dawowa. A ɗora monitoci biyu daga aji biyar ko shida su riƙa rubutawa, malami yana dubawa. Littafi ɗaya, mako ɗaya, a cikin leda saboda ruwan sama. Ranar da za a zaɓa ma tana da muhimmanci, kuma ni Laraba nake ba da shawara, domin makarantun allo na hutu Alhamis da Juma'a, a nan ne yaro ke samun yammacin da yake nasa. Asabar da Lahadi kuwa Islamiyya da aiken kasuwa sun riga sun cinye.

Sai a kula da batun tara. Makarantar da ta ɗora wa uba tara mai nauyi saboda littafi ya ɓata ta rufe wa gidan ƙofar aro ke nan, domin abin da uban zai faɗa an san shi: "Kada ka sake ɗauko mana littafin mutane." Ya fi a ce yaro ya kawo wani littafin ko da tsoho ne, ko ya zauna ranar gyara ya taya liƙe waɗanda suka yage. Kuma a sa a rai tun farko cewa kowane zango wasu za su salwanta.

Kuskure na biyu shi ne karɓar duk abin da aka kawo. Wani Alhaji ya ce zai taimaka, sai ga kwalaye biyar: littattafan lissafin kuɗi na jami'a, tsofaffin mujallu, kundin tambayoyin jarrabawar shiga sakandare na shekarun baya, da labaran turawa masu ƙananan haruffa waɗanda ko malamin ajin sai ya nemi ƙamus. Don kunyar mai kyauta sai a jera su duka, kanta ta cika, a ce ai muna da littattafai dubu. Yaro ɗan aji biyu ya jawo ɗaya, ya buɗe, babu hoto, babu kalmar da ya sani, ya mayar. In hakan ta faru sau biyu ya gama yanke wa ɗakin hukunci.

A yi wa mai kyauta godiya da addu'a, sannan a tace. Abin da ya fi ƙarfin firamare a miƙa wa wata sakandare. Wanda kuma ya zo da niyyar taimako a gaba, a ba shi jerin abin da ake buƙata kafin ya saya. Ƙa'idar da ƙungiyar laburare ta duniya IFLA da hukumar UNESCO suka fitar a 2002 ta ambaci littattafai 10 ga kowane ɗalibi. Makarantar unguwa ba za ta kai nan a shekarar farko ba, kuma kada wannan ya sa a cike gurbi da tarkace. Littattafai 150 da yara za su iya karantawa sun fi 1,000 da ba za su taɓa ba. Kaso mafi tsoka ya tafi ga 'yan aji ɗaya zuwa uku, masu manyan haruffa da hoto a kowane shafi, domin su ne aka fi mantawa da su alhali a hannunsu abin yake farawa. A haɗa da na dabbobi, jirage, jikin mutum, ƙwallo da tarihin annabawa, saboda akwai yaron da tatsuniya ba ta jansa amma zai kwana a kan hoton kada.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane ko littafi ya dace da yaro. Ya buɗe shafi ɗaya ya karanta, duk kalmar da ta gagare shi ya ɗaga yatsa. In yatsu biyar suka tashi kafin shafin ya ƙare, a ajiye masa shi zuwa gaba. Wajen jerawa kuma kada a wahalar da kai da lambobin Dewey irin na manyan laburare. A manna kala a gefen littafi, kore ga masu farawa, rawaya ga na tsakiya, ja ga waɗanda suka yi nisa. Ɗan shekara shida zai iya mayar da littafi wurinsa da kansa.

Inda aka fi yin kuskure da zuciya ɗaya shi ne harshe. Yaron Bahaushe a Legas yana tashi da Hausa a gida, Yarabanci da buroka a layi, Turanci a aji, Larabci a Islamiyya. Tun 2018 dokar jihar Legas ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantu, don haka shi yana da gurbinsa a jadawali. Hausa ce ba ta da kowa, sai laburare ya zama Turanci zalla. Ga yaron da aka haifa a Agege wannan ragi ne, domin yana jin Hausa amma bai taɓa ganin ta a rubuce ba. Ga wanda aka kawo bara daga Katsina, Zamfara ko Maraɗi kuwa, kaya biyu aka ɗora masa lokaci guda: ya koyi haɗa baƙi, ya kuma fahimci harshen da bai sani ba.

Rubutun Hausa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Yaron da ya kama ba, be, bi, bo, bu cikin 'yan makonni zai iya karanta jimla ya gane ta, har ya yi dariya in da abin dariya. Turanci ba haka yake ba, harafi ɗaya kan fita da sauti iri-iri. Kuma dabarar haɗa baƙi sau ɗaya ake koyonta, wanda ya iya ta a Hausa da ita zai shiga Turanci. Wannan shi ne abin da za a faɗa wa uban da ya zo yana cewa, "Malam, Turanci na kawo shi ya koya, Hausa ai muna da ita a gida." Damuwarsa gaskiya ce, a Legas babu inda yaro zai je ba Turanci. A nuna masa cewa kanta ɗaya ce ta Hausa a cikin huɗu ko biyar, kuma tsani ce.

Samun littattafan ba shi da wuyar da ake zato. Motocin tumatir da albasa na sauka a Mile 12 daga Arewa kullum, kuma a cikin iyayen yara ba a rasa mai hulɗa da direbobin, kwali ɗaya daga shagunan littattafai na Kano ko kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ba zai gagara ba. A intanet, African Storybook da StoryWeaver na da labaran yara da Hausa da aka yarda a sauke a buga kyauta. Sai dai malami ya karanta kafin ya buga, domin wata fassarar ba ta faɗuwa a baki, wata kuma an zubar da ƙ, ɗ da ɓ. A kuma lura kada wani ya kwaso littattafan soyayya don kawai da Hausa aka rubuta su, ba na 'yan firamare ba ne. Hanya mafi arha ita ce 'yan aji shida su je gida su karɓo tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi daga bakin kaka, su rubuta, su zana hoto, malami ya gyara, a ɗinke da zare a sa a kanta da sunan yaron a bango. A sa 'yan kaɗan na ajami saboda wanda ya fito daga makarantar allo ya ga abin da ya riga ya iya, a sa na Yarabanci saboda abokan ajinsu, kuma su ma Hausawan darasi ne a kansu.

Sannan lokaci. Laburaren da aka ce "duk mai so ya je lokacin tara" ba zai ga kowa ba, domin lokacin tara na cin abinci ne da guje-guje. Bayan tashi kuma yaro na sauri ya ci abinci ya wuce Islamiyya, wani ma sai ya sha cunkoson hanya. Dole a rubuta shi a jadawali, kowane aji da lokacinsa, kuma kada ya zama shi ne ake yankewa duk sa'ad da malamin lissafi bai gama manhaja ba. A cikin lokacin, minti 15 na farko malami ya karanta musu da murya, yana sauya murya in kura ce ke magana, yana nuna hoto, ya tsaya a inda labari ya yi daɗi ya ce sai jibi. Littafin da aka yi wa haka, washegari rububinsa ake yi. Sauran lokacin kowa ya zaɓi nasa, malami ma ya ɗauki nasa ya ajiye waya.

Abin da ke rusa wannan duka shi ne mayar da shi jarrabawa. "Tashi ka gaya mana darasi uku da ka koya." "Rubuto taƙaitawa shafi biyu." Ko a tsayar da mai in'ina gaban aji ana dariya, Anti na riƙe da bulala. Mai rauni a zaunar da shi da babban yaro su karanta tare a gefe. Tambaya in za a yi, ta hira ce: wa ya fi ba ka haushi a labarin? Haka nan kada a tura mai laifi laburare a matsayin horo, kada kuma ɗakin ya koma wurin ajiye karyayyun benci da buhun siminti.

Wanda ya taso a Arewa ƙura da gara ya sani, sai Legas ta koya masa danshi. Ruwa na zuba sosai daga Afrilu zuwa Yuli, ya dawo a Satumba da Oktoba, kuma ko babu ruwa iskar a jiƙe take. Littafin da aka bari a kwali a ƙasa, jingine da bango, fumfuna za ta cinye shi, kyankyasai su yi gida a ciki. A ɗaga kanta kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, a janye ta kaɗan daga bango, a riƙa buɗe taga. A unguwar da ruwa ke shiga aji, a yi amfani da akwatin roba mai murfi a ɗora a kan tebur, amma a riƙa buɗe shi yana shan iska. Wanda ya fara fumfuna a ware shi, a shanya a inuwa, a goge da busasshen tsumma a waje. Wajen gyara, farin gam da zare sun fi salatif, wanda kan yi rawaya ya ɓanɓare. Tsayin kanta kuma ya zama daidai idon yaro, wasu littattafan bangonsu na kallon mai shigowa.

Masu cewa sai an gina ɗaki, ko sai an sayo kwamfutoci, su duba kuɗin haya a Legas da kuɗin man janareta. Akwati ɗaya a kowane aji da tabarma ya isa a fara, a riƙa musanya akwatunan duk wata.

Ana kuma cire iyaye daga lissafi da hujjar cewa ba su yi boko ba. Uwar da ba ta karatu tana iya sauraro. A taron iyaye a roƙe su abu ɗaya: bayan magariba yaro ya karanta wa Inna ko ƙannensa shafi biyu, ko da da fitilar waya ne. A faɗa musu ƙarara cewa 'ya mace da ta ɗauko littafi a ɗaga mata wanke-wanke na minti goma, domin ita ce aikin gida ya fi cinye wa lokaci.

Sau da yawa kuma duk abin a wuyan malami ɗaya yake, ranar da ya sami wani aiki ko ya koma gida sai a mayar da kwaɗo. A sa mutum biyu su san rajistar, ƙungiyar iyaye da malamai ta ware wani abu kowane zango, ko da na littattafai 20 ne, domin yaro kan gaji in fuskokin da ke kanta ba sa sauyawa. Masu saye su leƙa wurin 'yan gwanjon littattafai na Yaba da Ojuelegba, su tafi da yaro ɗaya ko biyu su taya zaɓe. In an je Yaba da 'yan aji shida, a biya da su laburaren Herbert Macaulay ko reshen Laburaren Ƙasa da ke nan unguwar, a tambayi yadda ake yin rajista.