Yadda ake dawo da fayiloli daga ajiya bayan an sake ɗora Windows

A shagonmu na buga takardu da ke wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, da wuya mako ya wuce ba a kawo mini kwamfutar da aka yi wa fomatin ba. Mai ita zai ajiye ta bisa tebur, ya zaro filash ko faifan ajiya na waje daga jaka, ya ce, "Malam, an sa mini sabuwar Windows, amma na buɗe ban ga komai nawa ba." Yawancinsu ɗalibai ne, musamman idan lokacin furojet ya zo, sai kuma ma'aikata da malaman makaranta. Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, masu zuwa don sun koma Windows 11 sun ƙaru.

Abu guda nake fara gaya wa kowa. Daga lokacin da aka goge kwamfutarka, wannan faifan da ke hannunka shi kaɗai ke riƙe da aikinka na shekaru. Don haka riƙon ƙwai za ka yi masa: kwafa ake yi daga cikinsa, ba a yanke, ba a goge, ba a ara wa kowa sai aiki ya kammala.

Da farko, shirya kwamfutar

Kada ka soka faifan tukuna. Haɗa kwamfutar da intanet, ka shiga Settings, ka je Windows Update, ka bar ta ta sauko da abin da za ta sauko da shi. Dalili shi ne Microsoft Defender, mai gadin da ke zuwa da Windows, yana bukatar sabbin bayanai kafin ya gane bairos na yanzu. Sau da yawa bairos ɗin da ya sa aka yi fomatin yana nan kwance a cikin ajiyar, yana jiran a mayar da shi gida.

Sai batun wuta. Idan laftof ce, cika batir ka bar caja a jiki. Idan ta tebur ce, kada ka fara sai kana da inbata ko janareto da mai a ciki. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar kwafa tana barin fayil rabi da rabi, wani lokaci ma ta taɓa faifan kansa.

Leƙa Windows.old

Wannan mutane da yawa ba su san da shi ba. Idan wanda ya ɗora maka Windows bai goge faifan cikin kwamfutar ba, ya ɗora sabuwar bisa tsohuwar ne kawai, to buɗe This PC, ka shiga C, ka nemi folda mai suna Windows.old. A cikinta akwai Users, a ciki akwai sunanka na da, kuma Desktop da Documents da Pictures da Downloads duk suna nan yadda ka bar su. Sun ma fi na ajiyarka sabunta. Kwashe su yau, ba gobe ba, domin Windows kan share wannan folda da kanta bayan kwana 10.

Soka faifan, ka karanta abin da ya fito

A nan ne ake asara. Wani lokaci da ka soka faifan sai saƙo ya fito cewa sai an yi masa fomatin kafin a yi amfani da shi, da maɓalli biyu, Format disk da Cancel. Danna Cancel. Ko sau goma ya fito, Cancel. Zare shi, ka gwada wata kafa, ka canza igiya, ka gwada a wata kwamfutar. Na taɓa ganin wata baiwar Allah da ƙanenta ya danna ɗayan maɓallin don "ya taimaka", babi huɗu na furojet ɗinta da hotunan bikin yayarta suka tafi cikin daƙiƙu kaɗan. Mun kwana biyu da manhajar tono fayiloli kafin muka samo wasu, ba duka ba. Idan ma hakan ta riga ta faru da kai, kada ka ƙara ajiye ko fayil ɗaya a kan faifan, domin sabon abu shi ke danne tsohon.

Idan kuma lambar sirri ya nema, to an kulle shi da BitLocker ne, wato tsarin kulle faifai na Windows. Mabuɗinsa na gaggawa lambobi 48 ne, kuma galibi yana cikin asusunka na Microsoft idan a can aka adana shi. Ba tare da kalmar sirrin ko wannan mabuɗin ba, babu mai gyaran da zai buɗe maka shi, kada wani ya karɓi kuɗinka.

Faifan ya buɗe lafiya? Danna kansa da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Scan with Microsoft Defender. A Windows 11 sai ka fara danna Show more options kafin ka gan shi.

Akwai wata annoba da duk mai yawo da filash shagunan buga takardu ya sani: ka buɗe ka tarar foldodinka sun zama 'yan gajerun hanyoyi masu kibiya a gindi. Kada ka danna su, dannawar ce ke tayar da bairos ɗin. Fayilolinka suna nan, ɓoye su aka yi. Bayan an gama bincike, buɗe Command Prompt, tagar rubuta wa Windows umarni, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* ka danna Enter, amma ka musanya E da harafin da kwamfutarka ta ba filash ɗin. Za su bayyana, sai ka goge masu kibiyar.

Gane irin ajiyar da ka yi

Duba abin da ke cikin faifan, shi zai gaya maka hanyar da za ka bi.

Idan foldodi ne ka kwafa da hannunka, aiki ya yi sauƙi. Buɗe taga biyu, ka riƙa kwafar folda ɗaya bayan ɗaya zuwa mazauninta, Documents zuwa Documents, Pictures zuwa Pictures. Ctrl da C, sannan Ctrl da V. Ka nisanci Ctrl da X, don shi yankewa yake yi. Ni da takardu nake farawa, don su ne marasa nauyi kuma su ne masu tsada. Bidiyo da karatuttuka da wa'azozi su biyo baya. Idan ta ce ba ka da izinin shiga wata folda, danna Continue, tsohon asusunka ne take tunawa.

Idan ka ga folda mai suna FileHistory, to da File History, tsarin ajiyar nan da ya zo tun Windows 8 a 2012, aka yi ajiyar, kuma yana son natsuwa. Buɗe Control Panel, ka shiga File History. Za ka ga faifanka, da wani ɗan akwati da aka rubuta I want to use a previous backup on this File History drive. Sa masa alama, ka zaɓi tsohuwar ajiyar mai sunan kwamfutarka ta da, sannan ka danna Turn on. Wanda ya tsallake akwatin nan, sabuwar ajiya za ta fara daga fanko, ya shiga ya ga wayam, hankalinsa ya tashi alhali kayansa na nan. Daga nan danna Restore personal files a gefen hagu. Yi amfani da kibiyar hagu da ke ƙasa ka koma baya har ranar ƙarshe kafin fomatin, ka zaɓi foldodin, ka danna koren maɓallin tsakiya. Idan sunan da aka sa maka a sabuwar Windows ya bambanta da na da, kuma masu gyara sun saba rubuta User ko sunan shagonsu, to danna koren da maɓallin dama ka zaɓi Restore to, ka nuna masa inda zai zuba da kanka.

In duk ya ƙi, shiga FileHistory ɗin da hannu, ka bi sunanka, sunan kwamfutar, sai Data. Komai na ciki. Wahalarsa ita ce kowane fayil an liƙa masa kwanan wata da lokaci a wutsiyar sunansa, kuma takarda ɗaya za ka iya ganin ta sau bakwai. Mai kwanan wata na ƙarshe za ka ɗauka.

Idan kuwa folda ce mai sunan kwamfutarka, cike da ƙunsassun fayilolin zip, to Backup and Restore ne na zamanin Windows 7, wanda har yanzu yana cikin Control Panel. Shiga, ka danna Select another backup to restore files from, sai Browse for folders.

Wanda ya ga WindowsImageBackup ya dakata. Wannan kwafin kwamfutar ne baki ɗaya, kuma mayar da shi kai tsaye zai shafe sabuwar Windows ya dawo da tsohuwar har da ciwon da ya sa aka yi fomatin. Abin da nake yi shi ne in buɗe Disk Management, in danna Action, sai Attach VHD, in nuna masa babban fayil ɗin da ke ciki. In bai fito a This PC ba, sai in ba shi harafi. Zai buɗe kamar wani faifai daban, in tsinci abin da nake so in bar sauran.

Masu ajiya a intanet

OneDrive na ba da 5GB kyauta, Google Drive 15GB. Shiga da asusun da ka yi ajiyar da shi, ba sabo ba. A OneDrive, fayil mai alamar gajimare sunansa kawai ke kwamfutarka, jikinsa na can; danna shi da maɓallin dama ka zaɓi Always keep on this device. Ka yi lissafin datarka tukuna, don hotuna kan lashe ta kafin ka farga. Kuma ka sani abin da ka goge a nan, can ma ya gogu, sai dai yana zama a kwandon shara kwana 30.

Abin da ba ya dawowa da kwafa

Manhajoji. Ko ka kwafo Program Files gaba ɗaya, Word da CorelDRAW da SPSS ba za su tashi ba, sai an sake ɗora su, haka direban firinta. Ɓoyayyar foldar AppData ma kada ka juye ta duka cikin sabuwar Windows, tarkacen da ka gudu ne za ka dawo da shi. Masu Outlook su nemi fayil mai ƙarewa da .pst, galibi yana Documents cikin Outlook Files. Shafukan da ka adana a Chrome za su dawo da ka shiga da asusun Google, in dai ka kunna Sync tun da can.

Sai wani abu namu na masu rubutun Hausa. Takardun da aka buga da tsofaffin salon haruffa irin su Rabiat, idan ka buɗe su a sabuwar kwamfuta za ka ga ƙ da ɗ da ɓ sun rikiɗe sun zama wasu alamomi. Takardar ba ta lalace ba, salon harafin ne babu. Nemo shi a Windows.old cikin Windows sannan Fonts, ko wajen wani mai buga takardu, ka danna shi da maɓallin dama ka zaɓi Install. Kada ka zauna gyara su ɗaya bayan ɗaya.

Tantancewa

Danna folda a faifan da maɓallin dama, ka zaɓi Properties, ka rubuta yawan fayiloli da girmansu. Yi haka ga wadda ka kwafo. In lambobin sun yi daidai, madalla. Duk da haka buɗe takardu biyar ko shida daga wurare daban-daban, da hotuna, da bidiyo guda ka ja shi zuwa ƙarshe, domin fayil na iya zama da suna da girma amma ya ƙi buɗewa.

Tsohuwar ajiyar ka bar ta ta yi wata guda ba ka taɓa ta ba. Sai an kwana biyu mutum ke tuna wata takardar fili ko rasit da bai gani ba. In ka gama, danna Eject ka jira saƙo kafin ka zare faifan, ka sa shi cikin jakarsa a aljihun tebur, nesa da ƙurar hunturu da hannun yara.